Gbagyi da Sauran 'Yan Asalin Abuja: Matsalar Suna da Matsalar Ƙasa

Kalmar "ɗan ƙasa" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda ba kullum suke tafiya tare ba. Ta farko ita ce mutumin da tsarin mulki ya amince da shi a matsayin ɗan Nijeriya, ta biyu kuwa ita ce mutumin da aka binne cibiyar kakanninsa a wuri, watau kishiyar baƙo. A yawancin jihohi ma'anonin biyu suna haɗuwa a kan mutum ɗaya ba tare da wata wahala ba. A Yankin Babban Birnin Tarayya ne suka rabu, har aka sami jama'ar da suke 'yan ƙasa ta ma'anar farko, amma doka ta raba su da ƙasar da ta sa su zama 'yan ƙasa ta ma'ana ta biyu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda hakan ya faru.

Sunan da aka laƙaba da sunan da aka zaɓa

Al'ummomin da suke kiran kansu 'yan asalin wannan yanki ana ƙidaya su tara: Gbagyi, Gbari, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana, Egbura da Amwamwa. Gbagyi da Gbari su ne mafi yawa, kuma su ne Bahaushe ya haɗa ya kira Gwari ko Gwarawa. Harsunansu dangin Nufanci ne, ba su da dangantakar asali da Hausa. Gwandara kuwa akasin haka ne, domin masana harshe sun tabbatar da cewa babu harshen da ya fi shi kusanci da Hausa, kuma tarihin baka na masu shi yana cewa daga Kano suka fito.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kansa shi ne abin da Hausa ta yi da kalmar Gwari. Idan yaro bai iya magana ba tukuna, sai a ce yana gwaranci. Idan baƙo ya karya Hausa, shi ma gwaranci yake yi. Wanda ya kasa gane zance sai ya ce a yi masa gwari-gwari, watau a warware masa dalla-dalla kamar yadda za a yi wa wanda bai ji Hausa ba. A nan sunan al'umma guda ya zama ma'aunin rashin iya magana, alhali mutanen nan suna da harshensu cikakke wanda suke yin hikima da waƙa da shari'a da shi. Mai faɗin waɗannan kalmomi a yau galibi ba ya nufin cin mutuncin kowa, amma kalmomin sun adana wani tsohon matsayi, na zamanin da ƙasar Gwari take wurin kai hari da kamun bayi, musamman daga Kwantagora a ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka nacewar da masu ilminsu suke yi a kan a kira su Gbagyi ba ƙyale-ƙyale ba ne. Suna so ne a san su da sunan da suka raɗa wa kansu.

Shi kansa sunan Abuja ba nasu ba ne. Sarakunan Haɓe na Zazzau da suka baro Zariya a lokacin jihadi su ne suka kafa garin Abuja a 1828 a ƙarƙashin Abu Ja. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Dokar 1976

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, kuma a watan Fabrairu na 1976 aka kafa Dokar Soja mai lamba 6 wadda ta yanke fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, mafi yawansa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin zaɓen wurin ita ce ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar. Wannan magana gaskiya ce, amma da sauri ta rikiɗe a bakin jama'a ta zama wata dabam, wai ƙasar ba ta kowa ba ce. Tsakanin "ba ta manyan ƙabilu ba ce" da "ba ta kowa ba ce" akwai ɗaruruwan ƙauyuka, da gonakin doya da dawa, da kaburbura da wuraren tsafi a kan duwatsu.

Dokar ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar yankin ɗungurungum. Niyyar farko ita ce a kwashe mazauna duka a sake musu matsuguni a jihohin maƙwabta da kuɗin gwamnati, don kowane ɗan Nijeriya ya shigo birnin a matsayi ɗaya. Da aka yi bincike sai aka tarar mutanen sun fi yadda aka zata yawa nesa ba kusa ba, kuɗin kwashe su kuma ya fi ƙarfin baitulmali. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda aikin gini ya taɓa kai tsaye su kaɗai za a tasa, sauran su zauna. Wasu sun tashi, kamar waɗanda aka kai Sabon Wuse a Jihar Neja. Mafi yawa sun zauna.

A nan ne tushen matsalar yake. An janye shirin kwashe mutane, amma ba a janye dokar da aka yi a bisa zaton za a kwashe su ba. Manomi ya ci gaba da noma gonar kakansa, alhali a idon doka ba shi da haƙƙin gado a kanta, kuma kotuna sun tabbatar da cewa mallaka ta al'ada ba ta da gurbi a yankin. Ranar da aka yanka gonar aka ba wani mai takarda, diyyar da za a biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya san rayuwar manomi ya san cewa kuɗin kakar bana ba ya maye gurbin gonar da za ta ciyar da jikoki.

Bayan da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, manufar ta yi ta kai da komowa. A 1992 an gwada barin ƙauye a cikin birni, aka fara da Garki. A 1999 aka koma ga tashin mutane, aka yi ta tsara matsugunai irin su Apo da Wasa da Galuwyi-Shere, waɗanda ayyukansu suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Matsayinsu a tsarin mulki

Tsarin mulkin 1999 ya maimaita a sashe na 297 cewa ƙasar yankin ta Gwamnatin Tarayya ce. Sashe na 299 kuma ya ce a ɗauki yankin tamkar jiha. Sai dai wannan "tamkar" tana da gajeren hannu. Yankin ba shi da gwamna zaɓaɓɓe, ba shi da majalisar dokoki ta kansa; Shugaban Ƙasa ne yake naɗa ministan da yake mulkinsa, Majalisar Tarayya kuma take yi masa doka. Sanata ɗaya gare shi a inda kowace jiha take da uku, da 'yan Majalisar Wakilai biyu. Abin da ya rage wa jama'a su zaɓa a gida shi ne ƙananan hukumomi shida: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Bagbagyin Minna ko na Chikun yana da jihar da zai kira tasa. Ɗan'uwansa na Kuje ba shi da ita.

An ɗan sami sauyi a wannan fanni. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa 'yan asalin yankin suna da haƙƙin a ba su kujerar minista kamar kowace jiha, kuma a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo, na farko daga cikinsu da ya riƙe irin wannan muƙami. Wannan bai taɓa batun ƙasa ba ko kaɗan.

Ta fuskar dokokin duniya kuwa madogararsu ba ta da ƙarfi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin al'ummomin asali ta 13 ga Satumba 2007 ta hana a tashi irin waɗannan mutane daga ƙasarsu ba da yardarsu da diyya ta adalci ba, amma Nijeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar, kuma ba ta shiga Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba. Hujjar da gwamnatocin Afirka da dama suka daɗe suna kafawa ita ce duk baƙar fata ɗan asali ne a nahiyarsa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta amsa wannan a rahoton da ta amince da shi a 2003, inda ta nuna cewa ba wanda ya riga zuwa ake nema ba. Abin dubawa shi ne al'ummar da rayuwarta da al'adarta suke rataye da wata ƙasa, aka kuma mayar da ita saniyar ware. Da wannan ma'auni da wuya a ce Gbagyin Abuja ba su shiga ba.

Birnin dai bai rasa alamunsu ba. Garki, Wuse, Jabi, Utako, Maitama da Asokoro sunayen ƙauyuka ne kafin su zama unguwannin manya. A bayan takardar naira 20 kuma akwai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga garin Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ƙasar da ta fara koyon gini da yumɓunta tana cikin wadda dokar 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya.