Tsohon Farashin Hannun Jari Da Yadda Ake Karanta Shi

Kwanakin baya na halarci wani rabon gado a Miri, nan bakin hanyar Jos in an baro birnin Bauchi. Marigayin tsohon ma'aikacin gwamnati ne. An ƙiyasta gida, an ƙiyasta gona da 'yan dabbobi ba tare da wata gardama ba, domin kowa a wurin ya san kuɗin sa da na fili. Amma da aka buɗe wata akwatin ƙarfe aka fito da takardun shaidar hannun jari guda uku, har sun soma ja don tsufa, sai zance ya tsaya cik.

Babban ɗan ya duba ya ga an rubuta kwabo 50 a jikin kowace takarda, ya ce ai abin bai taka kara ya karya ba, a bar wa mata. Ƙanensa kuwa ya ce shi da kunnensa ya ji Baba yana cewa a 2008 takardun nan sun isa sayen mota. Malamin da ke rabon ya saurare su duka, sa'an nan ya ce, "To, ni ba na raba abin da ban san kuɗinsa ba."

Gaskiyar Malam. Su biyun kuwa kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma ba wanda ya karanta lissafin daidai. Kwabo 50 ɗin nan ba farashi ba ne, ƙimar da aka yi wa hannun jarin rajista da ita ce tun farko. Farashi shi ne abin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kai a kasuwa, kuma kullum aka ci kasuwa sai an rubuta shi.

Rubutun nan ya daɗe. An kafa kasuwar hannun jari a Ikko a 1960, ta fara ciniki a 1961. A 1977 aka mai da ita ta Nijeriya baki ɗaya, aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. Tun 2021 ana kiranta NGX. Yawancin dattawanmu sun shiga harkar ne bayan dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu. Wasu kuma sai a 2004 da 2005, lokacin da Babban Banki ya ce kowane banki ya tara jarin Naira biliyan 25, bankuna suka bazama neman masu zuba kuɗi.

In mutum ya nemi tarihin farashin wani kamfani wajen dillali, ko a shafin kasuwar na intanet, zai ga kowace rana da layinta: farashin da aka buɗe da shi, mafi tsada, mafi araha, wanda aka tashi a kansa, da kuma yawan hannayen jarin da aka sayar. Jama'a sun fi zuba ido ga farashin tashi. Ni kuwa a ganina gidan ƙarshen nan, watau yawan abin da aka sayar, bai kamata a tsallake shi ba. Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Muda Lawal ya san bambancin farashin da aka sayar da buhu ɗari a kansa da wanda aka sayar da mudu biyu. Har zuwa watan Janairu na 2018 ƙa'idar kasuwa ta hana hannun jari sauka ƙasa da kwabo 50. Saboda haka akwai kamfanonin da za ka ga sun yi shekaru a kan kwabo 50 ba motsi, ka ce ko sun tsaya da ƙafafunsu ne, alhali kuwa masu sayarwa ne jibge ba mai saye. Da aka ɗage ƙa'idar, da yawansu suka gangara.

Abu na biyu shi ne gyara. Kamfani yakan ƙara wa masu jari hannaye kyauta, alal misali ɗaya a kan kowane huɗu. A ce mutum yana da 2,000, kowane a kan Naira 10, dukiyarsa ta kama Naira 20,000. In aka yi gyaran sai ya koma mai 2,500, kasuwa kuma ta rage farashin zuwa Naira 8. Dukiyarsa tana nan Naira 20,000, ko kwabo bai ragu ba. Amma wanda ya duba jerin farashi kawai zai rantse an yi hasarar kashi 20 cikin ɗari a dare ɗaya. In kamfanin ya maimaita irin wannan gyaran, mai 2,000 ya zama mai 3,125, ita kuwa tsohuwar takardar da ke cikin akwati har gobe 2,000 take faɗi. Haka nan kuma akan yi akasin wannan. A 2024 kamfanin Transcorp ya haɗe kowane hannu huɗu ya zama ɗaya, farashi ya ninka huɗu a rubuce, ba tare da an ƙara wa kowa sisi ba. Don haka ne masana ke da jeri iri biyu, ɗanye da gyararre. Gyararren shi ne wanda aka koma baya aka daidaita tsofaffin farashi da irin waɗannan canje-canje, kuma shi ne kaɗai ake iya gwada bara da bana da shi. Mai neman tarihi ya tambayi dillali wanne ya ba shi.

Ribar shekara ma haka take. Ranar da aka rufe rajistar waɗanda za a biya, akan cire adadin ribar daga farashi. Kuɗin bai ɓata ba, ya tashi ne daga kasuwa ya nufi aljihun mai jari, bayan gwamnati ta ɗebi harajinta na kashi 10 cikin ɗari.

Sai dai akwai inda tarihin farashi yakan yanke ɗungurungum, kuma mutanen Bauchi sun fi kowa sanin wannan. Bankin Inland a nan garin aka kafa shi a 1988, nan ne kuma hedkwatarsa take. Da aka zo haɗe bankuna, sai ya haɗu da First Atlantic da IMB da NUB, suka zama First Inland a farkon 2006. A 2008 aka sake masa suna FinBank. Ran 14 ga Agusta, 2009, Babban Banki a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, har da na FinBank. A 2012 bankin FCMB ya saye shi ya haɗiye. Yau in ka nemi farashin Inland a kasuwa ba za ka samu ba. Sai ka bi sawu daki-daki: hannu nawa na Inland aka musanya da nawa na First Inland, nawa na FinBank aka musanya da nawa na FCMB. Kowace musanya da ƙa'idarta a rubuce, kuma ta ƙarshen ba ta yi wa masu ƙaramin jari daɗi ba, gama banki ne da aka ceto. Duk da haka sun fi masu jari a Afribank da Bank PHB da Spring Bank, waɗanda gwamnati ta karɓe a watan Agusta na 2011, takardunsu suka zama na ƙunshe ƙosai. Kamfanin siminti na Ashaka kuwa, wanda ke cikin Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996, shi ba faɗuwa ya yi ba. Lafarge ne ya saye mafi yawan jarinsa, aka fitar da sunansa daga kasuwa a 2017.

To, mu koma ga maganar ƙanen nan da motar 2008. Ba ƙarya ya yi ba. Kasuwa tana da ma'auni guda wanda ke tattara farashin dukan kamfanoni, an fara shi da maki 100 a watan Janairu na 1984. A farkon Maris na 2008 ya haura maki 66,000. Lokacin ne malaman makaranta da 'yan kasuwa suka yi ta cin bashin banki suna saye, don sun duba tarihin shekara uku sun ga hawa kawai. Shekara guda bayan haka ma'aunin ya sauko wajen 20,000. Wanda ya leƙa baya sosai da ya tambayi kansa ko ribar kamfanonin ta ninka kamar yadda farashinsu ya ninka. Ba ta ninka ba.

A watan Janairu na 2024 ma'aunin ya tsallake 100,000, aka yi ta murna. Amma mai karatu ya ɗauki alƙalami. A farkon 2008 dalar Amurka tana wajen Naira 118, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. In aka raba makin kowane lokaci da kuɗin dala, na 2008 ya fi 560, na ƙarshen 2024 bai kai 70 ba. Gaskiya ne lissafin nan bai haɗa da ribar da aka yi ta biya a tsakani ba, amma ko an haɗa, ratar tana da faɗi. Mudun da ake awo da shi, watau Naira, shi kansa ya tsuke. Wanda bai damu da dala ba ya gwada da buhun masara ko na siminti, amsar ba za ta yi nisa da wannan ba.

Amfanin tarihin farashi, a nawa ra'ayin, ya fi ƙarfi wajen sanin abin da ya riga ya faru: nawa aka saya, nawa ya zama ranar da mai shi ya rasu, nawa ne yau, nawa za a fitar wa zakka. Wajen gaibu kuwa ƙarfinsa kaɗan ne. Yana iya nuna maka cewa wannan kamfani yakan yi tsalle ya faɗi, wancan yana tafiyar hawainiya amma bai fasa biyan riba ba. Ba ya iya gaya maka farashin jibi, kuma duk dillalin da ya shimfiɗa maka zane ya ce yana iyawa, ka riƙe aljihunka.

A Miri dai an ɗage rabon takardun. Malam ya umarci babban ɗan ya nemo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, ya rubuta wa kamfanonin da ke riƙe da rajistar masu jari, su faɗi hannu nawa ke da sunan marigayin yau bayan duk gyaran da aka yi, da kuma ribar da ta taru ba a karɓa ba. Ɗaya daga cikin takardun uku an riga an gano kamfaninta ya sake suna har sau biyu. Matan da aka so a bar wa takardun sun ce su ma za su jira amsar.