Bankin Standard Chartered da Shari'o'in Takunkumi

A asalin Hausa takunkumi shi ne abin da a kan ɗaura wa raƙumi ko jaki a baki don a hana shi cizo ko ɓarnar gona. Daga baya ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ta zama sunan hanin da wata ƙasa ko taron ƙasashe kan yi na ciniki ko hulɗar kuɗi da wata ƙasa, don a matsa mata ta bar wani abin da ta ke yi. Wannan takarda za ta bi tarihin banki guda, watau Standard Chartered na birnin Landan, don a ga dalilin da ya sa bankin Ingila ya biya hukumomin Amurka tara mai yawa a kan cinikin da ya yi da mutanen Iran, alhali kuwa yawancin cinikin nan ba a ƙasar Amurka aka ƙulla shi ba.

Asalin bankin

Bankuna biyu ne suka haɗu suka zama Standard Chartered, kuma dukansu 'ya'yan zamanin mulkin mallaka ne. Na fari shi ne Chartered Bank of India, Australia and China, wanda wani mutumin Scotland mai suna James Wilson ya kafa, Sarauniya Victoria ta ba shi takardar izini cikin 1853. Ya buɗe rassansa na farko a Bombai da Kalkata da Shanghai cikin 1858, sa'an nan Hong Kong da Singapore cikin 1859. Aikinsa shi ne ba fatake rancen sayen auduga da shayi da shinkafa da siliki, da kuma sadar da kuɗinsu daga wannan tashar jirgin ruwa zuwa waccan.

Na biyu shi ne Standard Bank of British South Africa, wanda John Paterson ya jagoranci kafawa cikin 1862, ya fara aiki a Port Elizabeth. Shi kuwa ya bunƙasa ne da ma'adinai, watau lu'ulu'un Kimberley da zinariyar Johannesburg. Cikin 1965 ya haɗiye Bank of West Africa, tsohon bankin nan da aka kafa cikin 1894, mai rassa a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya. Reshen Najeriya ne ya zama Standard Bank of Nigeria cikin 1969, aka sake masa suna First Bank of Nigeria cikin 1979 bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa.

Bankunan nan biyu suka haɗu cikin 1969. Abin lura a nan shi ne, ko da ya ke hedkwatar bankin tana Landan, mafi yawan ribarsa daga Asiya da Afirka da Gabas ta Tsakiya ta ke fitowa. A zamanin da aka kafa shi fam ɗin Ingila ne kuɗin fataucin duniya, saboda haka hukumar da ke bisa bankin da mai kuɗin da ya ke juyawa duk ɗaya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dala ta karɓi wannan matsayi, bankin ya wayi gari yana fatauci da kuɗin wata ƙasa dabam.

Hanyar da dala ke bi

Ba za a gane shari'o'in nan ba sai an san yadda a ke biyan kuɗi tsakanin ƙasashe. A ce wani attajiri a Dubai zai biya wani a Hong Kong dala dubu ɗari. Ba a ɗaukar takardun kuɗi a jirgi. Bankin mai biya da bankin mai karɓa kowannensu yana da ajiyar dala a wani banki na New York, sai a aika da saƙo ta waya, a rage daga wannan ajiya a ƙara a waccan. Ko da mai saye da mai sayarwa ba su taɓa taka Amurka ba, kuɗinsu ya ratsa ta, kuma a ɗan lokacin nan ya shiga ƙarƙashin dokarta. Standard Chartered yana da reshe a New York wanda wannan shi ne babban aikinsa, kuma lasisin reshen yana hannun hukumar jihar New York.

Takunkumi kuwa iri biyu ne. Akwai wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kan sa, wanda ya wajaba a kan dukan ƙasashe, kamar wanda aka sa wa Iran cikin Disamba 2006 saboda shirinta na nukiliya. Akwai kuma wanda ƙasa ɗaya ta kan sa bisa ga ra'ayinta. Amurka ta fara riƙe dukiyar Iran cikin Nuwamba 1979, sa'ad da aka tsare ma'aikatan ofishin jakadancinta a Tehran, sa'an nan cikin 1995 Shugaba Clinton ya hana kusan dukan ciniki da ƙasar. Wannan hani bai shafi bankin Ingila a Landan ko Dubai ba, sai fa in kuɗin ya bi ta New York.

Duk da haka an bar wata ƙofa. Dokar ta yarda kuɗin da ya shafi Iran ya ratsa New York muddin ya fito daga bankin wata ƙasa wadda ba Iran ba, ya kuma koma wani irinsa, bai tsaya a Amurka ba. Sun kira wannan da sunan juyawar mota a kan titi, don kuɗin shiga ya ke yi ya juya. An rufe ƙofar nan cikin Nuwamba 2008.

Shari'ar 2012

Ran 6 ga Agusta 2012 Benjamin Lawsky, shugaban hukumar kula da bankuna ta jihar New York, ya fid da takardar tuhuma. Ya ce cikin kusan shekara goma bankin ya ɓoye biya wajen 60,000 na mutanen Iran, waɗanda jimlarsu ta kai dala biliyan 250, watau miliyan dubu 250. Dabarar da aka ce an yi ita ce, kafin saƙon biya ya isa New York sai ma'aikata su goge sunan bankin Iran daga cikinsa, ko su sake shi, don kada masu bincike su tsai da kuɗin su yi tambaya. Lawsky ya kira bankin ya zo ran 15 ga wata ya faɗi dalilin da zai hana a soke lasisinsa.

Bankin ya musa. Ya ce ya bincika littattafansa, ya tarar kusan dukan biyan nan halal ne bisa ga ƙofar da doka ta bari, waɗanda suka saɓa ba su wuce na dala miliyan 14 ba. Tazarar da ke tsakanin miliyan 14 da biliyan 250 ita ce ainihin gardamar. Bankin yana auna kowane biya ne da dokar takunkumi, ya ga ko ya halatta. Lawsky kuwa yana cewa goge suna kansa laifi ne, gama ya hana hukuma ganin abin da ya kamata ta gani, ko da a ce kuɗin halal ne.

Wannan gardama ba ta je gaban alƙali ba. Darajar hannun jarin bankin ta faɗi ƙwarai, kuma in aka soke lasisin, bankin da ke rayuwa da fataucin dala ya rasa hanyarsa. Ran 14 ga Agusta, kwana takwas kurum bayan tuhumar, ya yarda ya biya dala miliyan 340. Waɗansu 'yan majalisar Ingila suka yi gunaguni cewa ana neman kassara bankunan Landan ne, amma gunagunin bai sake kome ba. Cikin Disamba bankin ya ƙara biyan dala miliyan 327 ga hukumomin tarayya da mai gabatar da ƙara na Manhattan, a kan biyan da suka shafi Iran da Sudan da Libiya da Burma tsakanin 2001 da 2007.

Wannan sulhu na biyu ya zo da yarjejeniyar jingine shari'a. Ma'anarta ita ce hukuma ta shigar da ƙara amma ta ajiye ta, shi kuwa bankin ya amsa abin da ya yi a rubuce, ya yi alkawarin gyara, ya kuma yarda ba zai fito ya musa abin da ya amsa ba. Cikin Maris 2013 shugaban hukumar gudanarwar bankin, Sir John Peace, ya gaya wa 'yan jarida cewa kurakuran ma'aikata ne, ba da gangan aka yi ba. Kafin watan ya ƙare hukumomin Amurka suka sa shi ya janye maganar, ya nemi gafara a fili, ya tabbatar cewa da sani aka yi.

Abin da ya biyo baya

Cikin Agusta 2014 mai sa ido da hukumar New York ta girka a bankin ya gano cewa tsarin tace biya masu shakka bai gyaru ba, aka ci bankin tarar dala miliyan 300. Aka kuma sa shi ya rabu da waɗansu ƙananan 'yan kasuwa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya dakatar da biyan dala na waɗansu a Hong Kong. A ƙarshen shekarar aka tsawaita yarjejeniyar jingine shari'ar.

Cikin Afrilu 2019 aka yi sulhu mafi girma, na dala biliyan 1.1. Bankin ya amsa cewa tsakanin 2007 da 2011 ma'aikata a reshensa na Dubai sun sarrafa biya wajen 9,500, na kimanin dala miliyan 240, don amfanin mutanen Iran waɗanda suka fake da kamfanonin da aka yi wa rajista a can. A cikin kuɗin nan akwai fam miliyan 102 na hukumar Ingila, saboda rauni wajen tsare halatta kuɗin haram. Daga 2012 zuwa 2019 abin da bankin ya biya ya kai kimanin dala biliyan 2.

Cikin 2020 kuma ofishin takunkumi na Baitulmalin Ingila ya ci shi tarar fam miliyan 20.47, saboda rancen da ya ba Denizbank na Turkiyya tsakanin 2015 da 2018. A lokacin nan bankin Sberbank na Rasha ne ya mallaki Denizbank, shi kuwa Tarayyar Turai ta sa masa takunkumi cikin 2014 saboda rikicin Ukraine. A wannan karo dokar gida ce ta kama bankin.

Standard Chartered ba shi kaɗai ba ne. HSBC ya biya dala biliyan 1.9 cikin Disamba 2012, BNP Paribas na Faransa kuwa ya amsa laifi a kotu cikin 2014, ya biya kusan dala biliyan 9, galibi a kan hulɗarsa da Sudan.

Ra'ayoyi biyu

Masana shari'a sun rabu a kan al'amarin. Waɗansu na cewa ba wanda ya tilasta wa banki ya bi ta New York. Wanda ya shiga kasuwar wani dole ya bi dokar sarkin kasuwar, balle kuma bankin da kansa ya amsa cewa ya ɓoye sunaye da sani. Waɗansu kuwa na cewa tun da ba wata hanyar biyan dala sai wannan, zaɓin na baka ne kawai, kuma ta haka dokar ƙasa guda ta zama dokar duniya ba tare da sauran ƙasashe sun sa hannu ba. Suna ƙara da cewa sulhun da a ke yi bisa tsoron rasa lasisi ba ya barin kotu ta fayyace iyakar ikon.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin shari'ar amma ta shafe su. Banki in ya sha irin wannan tara ya kan ga gara ya rufe ajiyar duk wanda bincikensa ke da wuya, ko da bai yi laifi ba. Ƙananan fatake da kamfanonin aika kuɗi gida da bankunan ƙasashe matalauta su ne su kan fara rasa hanya, kamar yadda ya auku ga 'yan kasuwar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin 2014. Malamin da ke koyar da tarihin ciniki zai sami misali a nan na yadda iko ke bin kuɗi: a ƙarni na 19 Landan ce ke riƙe da hanyar biya, a shekarun shari'o'in nan kuwa New York ce, kuma banki guda ya yi aiki a ƙarƙashin su duka biyu.