Layi Biyu a Rauta Ɗaya: Yadda Ake Raba Musu Aikin Intanet

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace kusa da gaɓar Kwadebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Intanet ya yi ta jan ƙafa a Najeriya, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa. Abin bai shafi wayar Glo-1 ba, shi ya sa masu layin Glo suka samu sauƙi. Ga mai POS ko mai shagon cike fom a Babban Dodo ko Ƙofar Doka a birnin Zariya, wanda cinikinsa ke tsayawa da zarar sabis ya ɗauke, dogaro da layi ɗaya kasada ce.

Waya mai sim biyu ba ta raba aiki, da sim ɗaya take jan data a lokaci guda. Abin da ke rabawa shi ne rauta mai karɓar layi fiye da ɗaya, irin su TP-Link ER605, ko MikroTik, ko wadda aka ɗora wa OpenWrt da manhajar mwan3. Ana jona mata modem biyu, a ce na MTN da na Glo, ita kuma ta zaɓa wa kowace buƙata ƙofar fita.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Layi biyu masu megabit 10 kowanne ba za su sauke fim ɗaya da gudun 20 ba. Haɗi ɗaya layi ɗaya yake bi har ya ƙare. Ribar tana fitowa ne idan na'urori sun yi yawa: wannan yana kallon YouTube ta MTN, wancan yana tura takardu ta Glo, babu mai danne wani. Idan layi ɗaya ya fi ƙarfi, sai a ba shi kashi biyu, ɗayan kashi ɗaya.

Matsalar da ta fi ciwo ta banki ce. Kowane layi da nasa adireshin IP, kuma wasu shafuka suna korar mutum idan suka ga adireshinsa ya canza ana tsakiyar aiki. Maganin shi ne a ɗaure kowace na'ura ga layi ɗaya. A MikroTik ana yi da tsarin PCC, a sa shi ya duba adireshin na'urar kawai. Na'urar POS ma gara a ware mata layin da ya fi tsayawa, kada ta koma ɗayan sai ya mutu.

Sanin ya mutu kuma sai an gwada, domin modem kan nuna sabis cike alhali babu abin da ke wucewa. Don haka ake sa rauta ta riƙa taɓa adireshi na waje kamar 8.8.8.8 na Google duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, in babu amsa ta kwashe kowa zuwa ɗaya layin.

Sim biyu na kamfani ɗaya kuwa asarar kuɗi ce, tare za su ɗauke.