Kalmar "Kemis" da Ilmin da Ake Buƙata Kafin Komawa Sana'ar Harhaɗa Magunguna

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan sami ma'aikaci, musamman malamin makaranta, da ke tunanin barin aikinsa ya koma sana'ar magunguna. Wannan maƙala za ta nuna cewa wani ɓangare na ruɗanin da ke tattare da wannan tunani daga harshe ya samo asali, sannan ta fayyace matakan karatun da sana'ar ke buƙata a Nijeriya.

2.0 Kalma Ɗaya, Matakai Uku

Hausa ta aro kalmar "kemis" daga Ingilishi, ta kuma faɗaɗa ma'anarta. Bahaushe kan ce "na je kemis" yana nufin shago, ya kuma ce "kemis ya ba ni ƙwaya" yana nufin mutum. Ta haka kalmar ta haɗe rukunoni uku da doka ta rarrabe. Na farko shi ne mai shagon da aka ba lasisin sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita. Na biyu shi ne ma'aikacin da ya sami horo a kwalejin kimiyyar lafiya, wanda ke aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Na uku shi ne masanin harhaɗa magunguna, mai digirin jami'a. Wanda bai bambance waɗannan ba yakan ɗauka cewa jari da ɗan horo sun isa, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

3.0 Matakan Karatu

Tun a 1930 aka buɗe makarantar koyon harhaɗa magunguna a Zariya, amma yanzu jami'a ce kaɗai ke yaye rukuni na uku. Sharaɗin farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare: Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Don haka mai digiri a Hausa ko Tarihi, komai zurfin karatunsa, sai ya koma ya zauna wa waɗannan darussa, sa'annan ya rubuta jarrabawar JAMB. Wanda ya karanta kimiyya mai dangantaka da fannin na iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Digirin B.Pharm shekara 5 ne, na PharmD kuwa, wanda ya fi ba da ƙarfi ga kula da majinyaci, shekara 6. Ɗalibi zai nazarci yadda magani ke aiki a jiki, da sinadaransa, da yadda ake sarrafa shi ya zama ƙwaya ko ruwa ko allura, da kuma magungunan da ake samu daga tsirrai. Wannan reshe na ƙarshe ba baƙo ba ne ga Bahaushe: maganin sikila mai suna Niprisan, da aka samar a Abuja, ya ƙunshi karan dafi da masoro da kanumfari.

Bayan digiri akwai shekara 1 ta horon aiki ƙarƙashin ƙwararre, da jarrabawar rajista ta hukumar PCN. Dokar soja mai lamba 91 ta 1992 ce ta kafa wannan hukuma, dokar 2022 kuma ta sauya mata suna ta ƙara mata iko a kan shagunan magani.

4.0 Abin Lura

Idan aka haɗa lissafi, mai shekara 35 da ya fara daga aji ɗaya ba zai sami rajista ba sai ya haura 40. Karatun na cikakken lokaci ne, domin awon ɗakin gwaje-gwaje ba ya yiwuwa daga nesa. Magidanci sai ya tanadi abin da iyali za su ci kafin ya ajiye albashi.

5.0 Kammalawa

Mai niyyar sauya sana'a ya fara tantance wane "kemis" yake son zama. Masana harshe kuma aiki na jiransu: a tsayar da kalmomi uku mabambanta ga rukunonin nan, domin majinyaci ma ya san gaban wa yake tsaye idan ya miƙa takardar likita.