Baƙin zoben da aka gani a Balin

A 1890, wani likitan Landan, Jonathan Hutchinson, ya rubuta labarin wani tsoho da ya haura shekara 80, wanda sa hula ya gagare shi. Jijiyoyin jinin gefen kansa, tsakanin ido da kunne, sun kumbura sun yi ja, abu kaɗan ya taɓa su sai azaba. A 1932 Bayard Horton na asibitin Mayo a Amurka ya yanko guntun irin wannan jijiya, ya ga bangonta ne ke kumbura har ya matse hanyar jini.

Cutar dangin amosanin gaɓɓai ce, amma ɓarnarta a ido take. Tana kama waɗanda suka wuce 50: sabon ciwon kai, muƙamuƙi ya gaji ana tsakar tauna, sai a wayi gari ido ɗaya ya rufe, kuma ba ya dawowa. Shekara da shekaru, in ana son tabbaci sai an yi yanka, a jira sakamako kwanaki. Wani lokaci ma a yanko wurin da cutar ta tsallake.

Sai wani likita a Balin, Wolfgang Schmidt, ya ɗora na'urar sikanin a gefen kan majinyata. Ya ga wani baƙin zobe kewaye da hanyar jinin, wato kumburin bangon jijiyar. A rahoton da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1997, an ga zoben a jikin 22 cikin majinyata 30, kuma ya ɓace bayan kamar mako biyu da fara magani. Babu wuƙa, babu ɗinki. A 2018 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Turai ta ba da shawarar a riƙa farawa da sikanin.

Cutar ta fi yawa a arewacin Turai, ba ta cika kama baƙar fata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na'urar. A Funtuwa da Malumfashi, da an ce sikanin sai hankali ya tafi kan mai juna biyu, alhali irin wannan injin ne ke duba jijiyar jini, da huhu, da maɓuɓɓugar yawun mai amosani. Sai dai kan na'urar da ake goga wa ciki bai isa ba. Sai an samu wani na daban mai ganin siririn abu dab da fata, da kuma hannun da aka koya wa aikin.