Ko Kun Sani? Gubar da ke Cikin Ƙwayar Zurma

Zurmar nan da ke tsirowa a kan juji da bakin fadama daga Jega har Aliero da Maiyama, wadda wasu ke kira cika-gida, ƙwayarta na ɗauke da guba mai suna risin. Hermann Stillmark ne ya fara ware ta a 1888, a birnin Tartu na Estoniya ta yau.

Risin furotin ne mai ɓangare biyu. Ɗaya ke manne wa sukarin da ke bisa fatar ƙwayar halitta, sai ƙwayar ta haɗiye gubar da kanta, kamar maigidan da ya buɗe wa ɓarawo zaure. Da an shiga ciki, ɗayan ɓangaren ya ɓalle, ya nufi ribosom, wato injin ƙera furotin, ya cire masa ɗan sinadari ɗaya tak, adenin. Shi ke nan, inji ya tsaya. Risin ƙwaya ɗaya tana iya gurgunta ribosom sama da 1,000 a minti guda.

Tataccen man zurma ba shi da gubar, a tunkuza take zama. Tsiron idon zakara ma, kamar risin tasa gubar, abrin, ke aiki.