Burtali da makiyaya ba na saidawa ba ne

Ɗan uwa manomi, in garinku yana kusa da Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ka ga abin da idonka. Birni yana ta cin gonaki. A ƙidayar 2012 mutanen Maradi sun wuce dubu 260. Masu kuɗi suna zuwa da mota, su sayi hili, su kafa duwatsun iyaka. Gonarka taka ce, kai ka san abin da za ka yi da ita. Amma akwai hilin da ba naka ba ne, ba na maigari ba ne: burtali, makiyaya, bakin tabki, da dajin da mata suke samun icce da ganyen miya.

Dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993, da dokar kiwo ta 2010, sun sa burtali da makiyaya cikin dukiyar jama'a. Wanda ya saida su ya saida abin da ba nashi ba.

Ka dubi Yamai. Tun 1965 aka fara dasa itace kewaye da birnin, fiye da hekta 2,000, yawanci dogon yaro. Daga baya aka yi ta yanka gidaje a ciki, kaɗan kaɗan, har babban yanki ya tafi.

A ƙauye abin ya fi muni. In an toshe burtali, shanu ba su da fiffike, cikin hatsinka za su bi su kai ga ruwa. Daga nan sai faɗa. Tsofaffinku ba su manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda mutum fiye da 100 suka mutu a 1991. Ni da nake yawon gonaki, na lura ba baƙo ne kaɗai ke cin burtali ba. Maƙwabcinsa ne, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi.

To, kai da ka iya karatu yanzu, ga aikinka. Ka je wurin kwamitin hilaye na garinku, wanda ake ce ma Kofob, maigari ne shugabansa. Ku bi burtali tare da makiyaya tun da rani, kafin shibka. Ku rubuta faɗinsa da inda ya bi. Ku dasa aguwa a gefe biyu, tunda dabba ba ta cin ta. In an kawo takardar cinikin hili, ka karanta ta da ƙarfi gaban shaidu kafin kowa ya sa hannu.